Bindiga Lamba 16 ko Lamba 12: Wacce Maharbi Zai Saya a Bauchi?

Maganar libarba ba ta taso ba ga mai neman bindigar farauta ko tsaron gona. Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da duk ƙananan bindigogin hannu cikin haramtattun makamai, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Cikin abin da doka ta buɗe wa farar hula ƙofarsa akwai bindigar tsuntsaye mai baki ɗaya ko biyu da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, sai bindigar toka da izinin Kwamishinan 'yan sandan jiha. Mai ɗura kanta da wadda ake ja da hannu ta ɗura ba sa cikin wannan rukuni. Kafin ka fitar da kuɗi, je hedkwatar 'yan sanda ta jiha ka ji ko ana ba da sabon lasisi, domin a 2023 an dakatar da bayarwa. Kuma wurin dila mai rajista ya kamata ka saya.

To, a cikin bindigogin da doka ta yarda da su akwai wadda ake yawan yabo amma ba kowa ke riƙe ta ba: bindigar tsuntsaye lamba 16. Lambar nan ba inci ba ce. Ana ƙirga ƙwallayen dalma masu faɗin bakin bindigar da za su cika nauyin giram 454, shi ya sa lamba in ta yi sama baki ke tsukewa. Faɗin bakin lamba 12 milimita 18.5 ne, na 16 milimita 16.8, na 20 milimita 15.6. Ita ƙaramar da ake kira .410 da inci aka auna ta, kusan milimita 10.4.

Masu yabon lamba 16 suna da hujja. Harsashinta na ɗaukar giram 28 na ƙwayoyin dalma, wanda ya wadatar wa zabon daji, makwarwa da zomo a tazarar mita 30 zuwa 35. Idan an ƙera ta a kan jikin da ya dace da ita, ta fi lamba 12 rashin nauyi kuma ba ta dukan kafaɗa sosai. Wanda ke yini yana taka sawu cikin duwatsun Toro ko Dass ya san bambancin nan tun kafin azahar.

Matsalarta ba a harbi take ba, a harsashi take. Lamba 12 ita ce ta mamaye kasuwar duniya, ita masana'antu suka fi yi wa harsashi, ita dila ke kawowa. Mai lamba 16 yakan jira, ya biya da tsada, kuma ba shi da zaɓin girman ƙwaya: abin da ya samu shi zai ɗauka. Harsashin da ya daɗe a ajiye kuwa, musamman mai kwanson takarda da ya sha damina, yakan kumbura ya ƙi shiga, ko ya ƙi tashi, ko ya tashi da rauni ya bar toshiyarsa a cikin bututu. Wanda ya sake harbi bai leƙa bututun ba, bindigar na iya fashewa a hannunsa. 

Abu na biyu ya fi haɗari, kuma shi ne ya kamata a tsaya a kansa. Tsofaffin bindigogi lamba 16 na Turai da yawa tsawon mazaunin harsashinsu milimita 65 ne, alhali yawancin harsashin yau 70 ne. Tsawon da ake rubutawa a kwali na kwanson da ya riga ya buɗe ne bayan harbi. Saboda haka harsashi mai 70 zai shiga mazauni mai 65 lafiya lau, bindiga ta rufe kamar ba komai. Sai an ja kunama bakin kwanson ya rasa wurin buɗewa, matsi ya ƙaru a cikin tsohon ƙarfe. Cire katakon gaba, ɗaga bututun, duba ƙasansa: yawanci za ka ga 16/65 ko 16/70. Idan rubutun ya goge, a kai wa mai gyaran bindiga mai lasisi ya auna.

Wani kuskuren shi ne haɗa harsasai a jaka ɗaya. Harsashin lamba 20 yakan zurma cikin lamba 12 ya maƙale a gaba, mai ita ya ɗauka babu komai ya ɗura 12 a bayansa. Dalilin da ya sa ake yi wa harsashin lamba 20 launin rawaya ke nan.

Lamba 12 kuwa tana yin duk abin da 16 ke yi. Akwai harsashinta mai giram 28 ga mai gudun dukan kafaɗa, akwai mai 32 da 36 ga manyan tsuntsayen ruwa irin su ɗinya. Ita ma ƙwayar dalma da tata lambar girma: ƙwaya lamba 6 ta dace da makwarwa da zomo, lamba 4 da ta fi ta girma ta fi dacewa da zabo mai kaurin gashi. Aibinta nauyi, sai duka idan bindigar mai baki ɗaya ce marar nauyi irin Baikal ta Rasha aka ɗura mata giram 36. Maganin wannan shi ne harsashi mai sauƙi da roba a gindin bindigar.

Lamba 20 ta dace da dattijo ko mai ƙaramin jiki, giram 24 zuwa 28, sai dai ita ma a tabbatar dila na kawo harsashinta. Ita .410 ana ba sabon hannu ita wai don ba ta duka, kuma wannan kuskure ne. Giram 14 zuwa 19 kawai take ɗauka, bayan mita 20 zuwa 25 ƙwayoyin sun yi ƙaranci, sai ta raunata dabba ta gudu ta mutu a daji ba a yanka ba. Bindigar gwani ce.

Ko wace lamba ce, kafin ka saya, rufe ta babu katakon gaba ka girgiza. Idan bututun na motsi a mahaɗa, ta ci. Ɗaga ta wajen haske ka nemi ramukan tsatsa, kumburi ko lotsawa. Lambar shaida da aka buga a jikinta ta zo daidai da ta takarda. Sannan ka kafa kwali a mita 30 ka harba, ka ga yadda ƙwayoyin suka bazu cikin da'ira mai faɗin santimita 75. Idan akwai gurbin da zabo zai wuce ta ciki, canza harsashi ko ka rage tazara.

Mai sayen bindigarsa ta farko ya ɗauki lamba 12 mai mazauni 70. Wanda ya gaji lamba 16 mai lafiya, da lasisi da sunansa da dilan da ke kawo masa harsashin da ya dace da mazauninta, ba shi da dalilin rabuwa da ita. Lasisin bindiga kuma ba izinin farauta ba ne: Yankari, Lame-Burra da Sumu wurare ne da aka hana farauta, ko da wace lamba ka shiga.