Waya ko tsohuwar kyamara: wacce ta fi dacewa da ɗaukar kayan da?

Wani ɗan'uwa ya tambaya cewa yana son fara ɗaukar hotunan tsofaffin wurare da kayan da, irin su ganuwa, tsofaffin masallatai da kayan jeren kakarsa. Shin ya ci gaba da wayarsa, ko ya tara kuɗi ya sayi babbar kyamara ta hannu, wadda wani ya riga ya mora?

Ɗan'uwa, kowacce da inda take cin kasuwarta. Mu fara da dogon gini, kamar hasumiyar Gobarau a Katsina ko ta masallacin Agadas mai tsawon mita 27. Idon waya yana da faɗi, shi ya sa in ka tsaya kusa ka ɗaga ta sama, ginin zai fito kamar zai kwanta da baya, gindi ya baje, kai ya tsuke. Su kuwa waɗannan hasumiyoyi dama can a tsuke suke daga sama, sai abin ya yi yawa. In ka ja baya ka jawo hoton da yatsu, yawancin wayoyi yanko tsakiyar hoton kawai suke yi, sai ya dushe. Kyamara mai gilashin 18-55, wato gilashin da ake murzawa a jawo abu kusa ba tare da hoton ya dushe ba, za ta bar ka ka tsallaka titi, ka jawo ginin, ya tsaya cak yadda magini ya bar shi.

Inda na fi jin takaicin waya shi ne fuskar bango. Kyan ginin ƙasa yana cikin yaɓensa: sawun tafin magini, ɗan karan ciyawar da ya leƙo, tsagar da damina ta bari a ƙarƙashin indararo, tudu da kwarin zanen dagi a saman ƙofar zaure. Waya tana gyara hoto da kanta kafin ta nuna maka, kuma irin wannan ƙananan burɓushi datti take ɗaukarsa, sai ta goge. A allon waya ba za ka lura ba. Ranar da ka buga hoton babba ne za ka ga bangon ya yi sumul kamar an shafe shi da siminti. Kyamara, musamman in ka ɗauka a tsarin RAW, wanda ke adana hoto ɗanyensa ba gyara, tana bar maka komai. Sai dai duk biyun ba sa taɓuka komai da tsakar rana; ka je da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana ke bugun bango ta gefe, kowane zane ya yi inuwarsa.

Cikin soro kuwa labari ya juya. A wuri mai duhu irin ɗakunan Gidan Makama, gidan tarihin Kano, ko ƙarƙashin bakan gizon tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, wayar zamani tana ɗaukar hotuna da yawa a jere ta haɗe su wuri ɗaya, sai ka ga azara ta fito ba tare da ka kunna fitila ba. Kyamarorin da ake samu da sauƙin kuɗi, irin Nikon D3100 ta 2010 ko Canon 600D ta 2011, in haske ya yi ƙaranci hotonsu yana yin tsakuwa-tsakuwa, sai ka ɗora su a kan abin da ba ya motsi. Ka kuma tambayi masu kula da wurin kafin ka ɗaga ko wacce.

Kayan kakarka ba sa buƙatar ka kashe ko sisi. Langa, fanteka, akushi, fitilar ƙwai, dutsen guga na gawayi, kwabo mai huji na kafin zuwan naira a 1973, duk waya ta ishe su. Shimfiɗa tabarma kusa da taga, kashe filasha domin fentin langa yana mayar da haske, ka matso har inda fentin ya ɓantare ƙarfe ya yi baƙi, domin nan ne shekarun kwanon suke. Ka juya gindinsa ma ka ɗauki tambarin kamfanin.

Sai maganar mutane. Ka shiga kasuwar Kurmi ko marinar Ƙofar Mata da babbar kyamara a wuya, nan take an ɗauke ka ɗan jarida ko mai yi wa Turawa aiki, kowa ya gyara zama, wani ya nemi na goro. Waya ba ta tayar da hankalin kowa, amma sallama da neman izini suna nan a wuyanka. Abu ɗaya game da marina: waya tana ƙara wa launi gishiri, shuɗin baba mai duhu ya koma kamar fentin shago, don haka ka rage ƙarfin launin kafin ka adana.

Ni dai a ganina, ka riƙe wayarka tukuna, kuɗin kyamarar kuwa ka yi kuɗin mota da su. In ka ga zuciyarka ta fi karkata ga gine-gine, kuma kana son buga hoto babba, to sayi kyamarar. Wajen saye ka duba batir, ka tambayi yawan hotunan da ta ɗauka, sannan ka tsuke ƙofar gilashin zuwa f/22 ka ɗauki farin bango. In ka ga ɗige-ɗige baƙi a hoton, ƙura ta shige ta, a goge maka ko a rage kuɗi. Da hunturu kuma kada ka kuskura ka sauya gilashi a fili.