Baba mai littattafan gwanjo tsakanin Kejetia da Adum

Masu tambaya ina ake samun littattafan binciken kisan kai irin na da a Kumasi, akwai wani dattijo a gefen titi in ka taso daga Kejetia za ka hau Adum. Ba shago ba ne fa, tebur ne da leda a sama saboda ruwa. Agatha Christie kwali guda cur, Sherlock Holmes ma akwai, farashi da sauƙi in ka iya ciniki, kuma yana karɓar momo, wato biya ta waya.

Abin da ke maida ni wurinsa shi ne Baba ya karanta kayansa wallahi. Ka ɗauki littafi sai ya ce "wannan ta zube maka komai a gabanka ɗana, in ba ka gano mai laifin ba kai ka so", ka ɗauki wani ya ce "ajiye, a babin ƙarshe zai jawo wani ɗan'uwa daga Amurka da ba a taɓa ambata ba ya ce shi ne". Amma ko za ka kwana kana roƙo ba zai faɗa maka wa ya yi kisan ba.

Shi ya ba ni The Murder of Roger Ackroyd na Agatha Christie na 1926, littafin ya zagaya majalisar ataya ɗinmu a Aboabo har bango ya fita, musu kuwa har yau bai mutu ba. Wasu sun ce Christie ta yi mana wuru-wuru, hujjarsu dokoki 10 na rubuta irin waɗannan labarai da wani fada na Katolika a Ingila, Ronald Knox, ya tsara a 1929: a ambaci mai laifi tun farkon labari kuma kada ya zama wanda ake nuna mana abin da ke zuciyarsa, ba aljani ba tsafi, ƙofar sirri kada ta wuce ɗaya, tagwaye ma sai an sanar da kai tukuna. Wanda ya karanta ya san wacce ta taka. Ni dai ban yarda cuta ba ce, dokar ma bayan littafin ta zo, kuma ka koma ka sake karantawa a hankali ba inda aka yi maka ƙarya, shiru kawai aka yi a inda ya kamata ka tsaya ka tambaya.

Matsalar gwanjo dai, ka duba shafukan ƙarshe kafin ka biya. Wani da na saya wani mugu ya zagaye sunan mai kisan da jan biro tun babi na 3 har da rubuta "shi ne". Baba ya canza min ba gardama, amma kuɗi kam ba ya maidawa.