Abin da gidan wankin Turawa ya yi wa shaddar Sallah

Salamu alaikum jama'ar gida. Ana saura kwana huɗu Ƙaramar Sallar da ta wuce, wani yaro ɗan wajenmu da ya zo karatun digiri na biyu nan Manchester ta Ingila ya ɗauki shaddarsa Getzner, babbar riga da 'yar ciki da wando, ya kai gidan wanki da guga na Turawa. Matar da ke kanta ta warware babbar rigar a kan tebur, ta juya ta nan, ta juya ta can, ta nemi hannun riga ba ta gani ba. Sai ta ɗago kai, a gaban mutanen da ke layi, ta tambaye shi wai labule ne ko shimfiɗar tebur. Ba da raini ta yi ba, iyakar saninta ke nan. Amma rigar da aka yi wata guda ana yi wa aiki a wuya, a kira ta labule, ai da ciwo.

Babbar riga ba ta cikin jerin farashinsu, don haka aka yi mata kuɗin doguwar rigar biki ta mata, aka lissafa sauran biyun daban, abin ya tasar wa fam 40. Aka kuma ba shi takarda ya sa hannu cewa duk abin da ya sami kayan ba ruwansu, tunda babu ɗan ƙyallen nan da kamfani ke ɗinkawa a cikin tufa mai bayanin yadda za a wanke ta. Telanmu na gida ba ya sa shi. Ranar da aka karɓo, ga ta a rataye cikin leda tsaf, sai warin sinadari, amma shadda ta mutu. Ta yi laƙwas kamar zanin gado, ƙyallin ya tafi, aikin wuya ya tattare, an kuma daddage an fitar mata da kari a inda ba a kari.

Ba mugunta ba ce, rashin sani ne. Shadda auduga ce, kuma ƙyallinta da tsayuwarta ba a cikin zaren suke ba, a kansa suke: gogewar da aka yi mata a masaƙa, sai sitaci da bugun da ake sabunta mata a gida. Su kuwa nan ba da ruwa suke wankin ba. Wani sinadari ne mai narkar da maiƙo ake juya kaya a ciki, sannan a danne su da injin tururi. An yi wannan tsari ne don kwat ɗin ulu, kuma yana yi mata kyau. Shadda kuwa yana cire mata abin da ke kanta, tururi ya ƙarasa sauran, kuma ba wanda zai mayar. Aikin wuya yana tattarewa ne saboda zaren aikin da yadin ba sa shiga daidai in sun ji zafi.

Wanda zai zo ya sani, shi ne mai wankin kansa. A juya rigar ciki waje, a wanke da hannu a bahon wanka da ruwan sanyi da sabulun ruwa marar ƙarfi. Garin sabulun da ke sa fararen kaya haske yana kashe kalar shadda mai duhu. Ba a murɗawa. In dole sai inji, a sa shi a digiri 30, a rage juyin matsewa zuwa mafi ƙanƙanta, kuma kada ta kusanci injin busar da kaya, don shi ke mayar da wandon babba na ƙaninsa. Sitacin fesawa da ake sayarwa a manyan kantuna na kwalar shat ne, ba ya tsayar da yadi goma. A nemi sitacin rogo a shagunan 'yan Afirka, ko garin masara mai laushin nan na kaurara miya. Cokali huɗu a dama da kofin ruwan sanyi, a zuba tafasasshen ruwa lita ɗaya ana juyawa har ya yi garai-garai, a ƙara ruwan sanyi lita biyu ko uku, a tace da ƙyalle. Wanda ya yi ƙyuyar tacewa zai ga gudaji sun bushe fari-fari a jikin baƙar shadda. A goge tana da ɗan danshi, ta ciki, dutsen guga a ɗigo uku, wato mafi zafinsa, a shimfiɗa farin ƙyalle a kan aikin. Za ta tsaya, amma ba za ta yi ƙyallin bugu ba. Bugu kam a manta da shi. A gidan da bangonsa kamar kwali, in ka ɗora riga a gungume ka fara luguden gudumar katako, kafin ka gama hannu ɗaya maƙwabci ya kira hukuma.

Sai shanya, wadda a gida ba a ma lissafa ta cikin aiki. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, in ma ta fito ke nan, kuma Manchester garin yayyafi ne. A ɗaka ake shanya, babbar riga ta kwana biyu ba ta bushe ba. Danshin ya bi bango ya zama baƙar fumfuna, ranar tashi mai gida ya zaftare daga kuɗin ajiyarka, wanda doka ta yarda ya kai na hayar mako biyar. A buɗe taga ko ana sanyi. Hula kuwa ta fi komai ban tausayi. Babu mai wankin hula, babu gungumen ɗora ta. Za ka ga babban mutum, likita guda, ya kifa zanna bukar ɗinsa a gindin tukunya yana jiran ta bushe. Masu dabara kan zo da huluna biyar ko shida wankakku, in sun yi dauɗa a ba mai tafiya gida ya kai su.

Tushen abin duka ɗaya ne: a nan kaya arha ne, hannun mutum ne tsada. A Afrilun 2025 mafi ƙarancin ladan awa ɗaya ga mai shekara 21 zuwa sama ya kai fam 12.21, ga hayar shago ga haraji. Shi ya sa rage tsawon wando kaɗai kan ci fam 10 zuwa 15, alhali a Primark, shagon tufafi masu arha, kana iya samun sabon wando a kusan haka. Zif ya lalace, sai a jefar da wandon. Aski a wajen fam 15 yake, kuma ba kowane shago ba. Masu askin Turkiyya sun cika gari, sun iya aikinsu, amma gashinmu sai ka nemi 'yan Jamaika ko Somaliya ko Sudan a unguwar Moss Side. Kitso da ƙunshi a falon mutane ake yi, sai an kama lokaci ta waya tun da mako biyu, a biya kafin alƙalami, in kin makara da rabin awa kuɗin ya tafi. Babu ƙawar da za ta zauna ta tsefe miki kai ana hira.

A nan ne nake jin haushinmu. Mai wankin da ke zuwa har ƙofar gida ya kwashi kaya, ya wanke, ya sa sitaci, ya kai bugu, ya ninke ya dawo da su, shi muke tsayawa ciniki da shi kamar za mu cire masa rai, mu kuma ce ya dawo ƙarshen wata. Mutum ya shiga Kantin Kwari ya zube kuɗin yadi goma ko gezau, amma kan ladan ɗinki sai an yi rantse-rantse. Su ma teloli ba na wanke su ba. Karɓar ɗinki ɗari alhali arba'in za a iya, a kashe waya daren Sallah, wannan hali ne da ko mako ɗaya ba zai kai mutum ba a nan. Amma gwanin da ke kallonka sau ɗaya ya yanka kaftani ya zauna maka cif, a ƙasar nan sai masu hannu da shuni ke da irinsa.

Don haka ɗinki a gida za a yi. A bar awo wurin tela, a aika tun saura wata biyu. A ce masa ya bar rarar inci ɗaya a cikin ɗinki, don shekarar farko jiki kan sauya, ya kuma saki kaftanin kaɗan yadda rigar ɗumi za ta shiga ƙarƙashi. Sallah tana matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, yanzu Ƙarama tana Maris, ta nufi tsakiyar sanyi. In ta gidan waya aka aiko, kyautar da ta haura fam 39 ana iya caza mata haraji kafin a miƙa maka. Jakar matafiyi ta fi sauƙi, in ka sami mai sauran wuri a kilo 23 ɗinsa. Yadi akwai shi nan, musamman a kasuwar Petticoat Lane ta Landan, leshi da atamfar Holan da shadda, sai dai ka saya ka rasa mai ɗinka maka.

Inda suka yi mana nisa shi ne mayar da kaya. Ka sayi riga a shago, ka je gida ka ga ba ta yi maka ba, yawancin manyan shaguna za su karɓa cikin kwana 28 ko 30 in akwai rasit kuma ba a cire takardar farashi ba. Ba a tambayarka dalili, ba a haɗe rai. Wannan alherin shago ne. Na doka kuwa, abin da aka saya ta intanet akwai kwana 14 na fasawa, abin da ya zo da aibi kuma kwana 30 na karɓar kuɗinka cas. Turaren da aka buɗe da ɗan kunne da kayan ciki ba sa komawa in lafiyarsu ƙalau. Ku kwatanta da "in kaya ya fita ba ya dawowa". Kayan yara ba su da harajin kashi 20 da ke kan na manya, shi ya sa tsarabarsu ta fi sauƙi. Mai haƙuri kuma ya jira 26 ga Disamba, ranar da ake karya farashi.

Gwanjo ma ba abin kunya ba ne. Shagunan ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam suna kan manyan tituna, malamin jami'a zai shiga ya ɗauki kwat ɗin sanyi ya fito yana faɗin nawa ya saya. Abin da bai sayu ba shi ake ɗaurewa dila-dila ya nufo kasuwanni irin su Kantamanto ta Accra, irin dilolin da muke rububi a Ƙofar Wambai muna ɓoyewa. Mace ta maimaita riga ɗaya a biki uku ba mai ɗaga ido. Mu kuwa kowane biki da ankonsa, a ci bashi a yi, a sa sau ɗaya a jefa akwati. Abin takaici, mun taho da halin har nan, sai dai maimakon dillaliya yanzu Klarna ce, manhajar sayen kaya bashi mai raba maka biya kashi uku. Dillaliya in kin ƙi biya sallama za ta yi ta yi miki a tsakar gida. Wannan shiru za ta yi, abin ya shiga tarihin bashinki, sai ranar neman gida ko mota ya fito.

Masu aiko saƙon a sayo musu turare "na asali tunda daga Ingila ne", jabu ma akwai shi nan. Titin Bury New Road da ke unguwar Cheetham Hill a nan Manchester ya shekara da shekaru yana wannan sana'a kafin 'yan sanda su yi masa dirar mikiya daga 2022. In kuɗin da kuka turo bai kai ba, araha ba ta ado. Turaren wuta kuwa kowane gidan haya akwai na'urar shinshinar hayaki a rufi, kuma a masaukin ɗalibai an hana shi ɗungurungum, don ƙararrawa ɗaya ke fitar da mutanen bene duka waje cikin sanyi. A gidan kanka a yi amfani da kaskon lantarki, ɗan kaɗan, a rufe ƙofar ɗakin, a buɗe taga, kuma kada a cire wa na'urar batir. Kaskon da aka sayo a Kano yana shiga soket ɗin nan kai tsaye, na Nijar mai baki biyu ne ke son mahaɗi. Humra a babbar jaka ake sa ta, a naɗe bakin kwalbar da salatif.

A taho da man kaɗanya mai yawa. Sanyin waje da hitar ɗaka suna busar da fata kamar an yi hunturun wata shida, kuma man da muke rainawa a ƙwarya shi The Body Shop ke sayowa wurin matan arewacin Gana ya zuba a ɗan gwangwani mai tsada. Man bilicin mai hydroquinone haramun ne sayar da shi a matsayin kayan kwalliya, haka baƙin lallen da ake haɗawa da dayis ɗin gashi, don yana ƙona fata. A bar su can.

Shi kuwa mai shadda, da ita ya je Idi a haka, ya ɗora mata baƙar jaket har gwiwa saboda iska. Da aka yi sahu, daga wannan ƙarshe zuwa wancan jaket ne a jikin kowa, Bahaushe da Basomale da ɗan Pakistan, sai gefen riga da ke leƙowa ta ƙasa. Hularsa kaɗai aka yaba, ita ma wankin gida ce.