Na gama digiri na biyu a fannin gudanar da asibiti: abin da na samu da abin da na rasa

A ƙarshen 2019 aka kira ni ofis aka miƙa mini takardar zama shugabar ma'aikatan jinya a babban asibitin da nake aiki, nan kudancin Jihar Kebbi. Shekarata goma sha huɗu a lokacin ina aikin nas da ungozoma. Daga tafiyar mai ciki nakan gane naƙudarta ta kai, amma ban taɓa buɗe littafin kuɗin asibiti ba, ban taɓa rubuta kasafi ba, ban san ta inda magani ke biyowa kafin ya iso sito ba. Haka ake yi mana a wannan aiki: wanda ya daɗe a ɗakin majinyata shi ake ɗorawa kan kujera, a bar shi da Allah. Abin da ya sa na nemi gurbin digiri na biyu a fannin tsarawa da gudanar da harkokin lafiya ke nan, na fara a 2021. Ba zan ambaci sunan jami'ar ba, domin ina da ƙorafi a kanta, kuma malaman da suka yi mini alheri suna nan cikinta.

Tsarin na ma'aikata ne. Sau biyu a wata muna haɗuwa Juma'a da Asabar, sauran lakcoci ta Zoom da dare, takardu kuma ta WhatsApp. An ce mana shekara biyu, ni sai da na ci uku da 'yan watanni. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, sannan bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya kai inda wasu a ajinmu suka riƙa tsallake zama. Duk mai shirin shiga ya lissafa mota da masauki da data tun farko, don a wajena sun fi kuɗin makaranta ciwo.

Kwas ɗin da ya biya ni wahalata shi ne na kuɗin kiwon lafiya da sarrafa magunguna. A asibitinmu akwai asusun magani mai juyawa, wanda kowa ke kira DRF. Tunaninsa ya samo asali daga shirin Bamako na 1987: a zuba jari a sayi magani, a sayar wa majinyata da ɗan ƙari kaɗan, a sake sayo wani da kuɗin. Namu kullum ramewa yake yi, kuma a raina na gama yanke hukuncin sata ake yi. Malaminmu ya ba mu aikin gida, kowa ya je ya kwafo katunan sito da rasiɗan wata shida na wurin aikinsa. Na zauna da mai kula da sitonmu, dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba, muka yi yammaci uku muna bin layi ɗaya bayan ɗaya.

Ban ga sata ba. Na ga muna sayar da magani a kan farashin da muka saye shi wata biyar baya, alhali kasuwa ta tashi, don haka kuɗin kwali goma ba ya sake sayo kwali goma. Na ga maganin da ya lalace a bayan kanta saboda sabon kaya ake turawa gaba, ba wanda wa'adinsa ya fi kusa ba. Sai kuma wani littafi mai baƙin bango, cike da bashin ma'aikata da 'yan'uwansu da mutanen da aka aiko da takarda. Na ce, “Baba, wannan fa?” Ya ce, “Hajiya, bashin ga na manya ne, wa ka iya tambayassu?” Na ji kunyar zargin da na daɗe ina yi masa a zuci, na kuma nemi gafararsa ranar.

A kwas ɗin nan na koyi lissafin oda: abin da ake sha a wata, a ninka da tsawon lokacin da kaya ke ɗauka kafin su iso, a ƙara na ko-ta-kwana. Lissafi ne mai sauƙi, amma akwai tarko a ciki wanda malamin ya tsaya a kansa sosai. In ka ɗauki matsakaicin watannin rani ka yi odar damina, ka kashe kanka, domin daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro ke cika mana ɗakin yara har ƙasa. Shekara da shekaru allurar atesunet, wadda ake yi wa mai zazzaɓin in ya yi tsanani, tana yanke mana a Agusta muna cewa tsautsayi ne, ashe da alƙaluman Maris muke yin oda.

A nan kuma na fara karanta Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da idona, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Yadda dokar ta raba shi, rabi na inshora ne, kashi 45 na magani da gyaran asibitocin matakin farko da ma'aikatansu, kashi 5 na agajin gaggawa. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki, mu kuwa a Kebbi mazaɓu 225 gare mu a ƙananan hukumomi 21. Kafin nan, in aka turo mana mai ciki daga ƙauye da katin shirin, kallon katin kawai nake yi. Yanzu na san takardun da za a cike asibiti ya karɓi haƙƙinsa, matar kuma kada a ce ta biya abin da an riga an biya mata.

Ba duka kwasa-kwasan ne haka ba. A Mayun 2022 aka sa hannu a sabuwar dokar inshorar lafiya wadda ta mayar da hukumar inshorar ta ƙasa daga NHIS zuwa NHIA, ta kuma wajabta inshorar a kan kowa. Muka dawo daga yajin aiki, wani malami ya raba mana tsohuwar takardarsa yadda take, ko kalma bai sauya ba, kuma a kanta ya yi mana jarrabawa. Kwas ɗin ƙididdiga ma an yi mana shi a guje, mako uku, a kan allo. Excel ɗin da nake aiki da shi yau, wani ɗan ajinmu mai kula da bayanan asibiti ne ya koya mini a masauki bayan sallar isha'i.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne na shugabanci, don shi na fi sa wa rai. Misalan duk daga manyan asibitocin Amurka da Ingila aka kwaso su, inda shugaba ke ɗaukar ma'aikaci ya kuma sallame shi. Ni ba ni na ɗauki kowa ba, ba ni ke biyan kowa ba, kuma wadda na rubuta wa takardar gargaɗi yau tana iya dawowa jibi da takardar canjin wurin aiki daga sama. Ba a taɓa zancen tsamin da ke tsakanin likitoci da nas-nas da ma'aikatan ɗakin gwaji ba, alhali mu talatin da wani abu da ke ajin daga ɓangarorin nan muka fito, kowa da miki a ransa. Ba a yi maganar yadda ake zama da hakimi ko kwamitin ci gaban mazaɓa ba, ko yadda za ka riƙe ungozoma ɗaya tilo da ke son komawa Birnin Kebbi saboda makarantar 'ya'yanta. Rana ɗaya ce ta fita daban, da aka gayyato wani tsohon sakataren asibiti mai ritaya. Shi ya nuna mana yadda ake zaman bitar mutuwar mai haihuwa ba tare da kiran suna ko ɗora laifi ba. Ya ce ranar da ka tozarta nas a gaban jama'a, daga ranar rajistarka ta daina faɗa maka gaskiya. Awa biyu ya yi, na fi ƙaruwa da su a kan zangon gaba ɗaya.

Kundin bincikena a kan jinkiri uku na yi shi, waɗanda masana suka daɗe da bayyanawa a mutuwar mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an iso. Mu ma'aikata mun fi son zancen biyun farko. Maigida ba ya nan ba a samu izini ba, ko daga tsallaken kogin Neja aka taho sai da aka jira kwalekwale. Gaskiya ne duka. Amma mai duba kundina, wata Farfesa mai tsanani wadda har gobe nake yi wa addu'a, ta ce in bar abin da ba ya hannuna in auna na ukun. Na sa aka riƙa rubuta lokacin da mace ta shigo ƙofa da lokacin da aka fara ba ta magani. Da dare ne abin ya fi muni. Mace na zubar da jini, mijinta na layin yankar kati, daga nan ya nemi mai karɓar kuɗi, daga nan a tashi mai makullin ɗakin magani. Oksitosin kuma, maganin tsayar da jinin, yana firij ɗin wani gini daban, tunda sai a sanyi ake ajiye shi.

Na kai wa shugaban asibiti alƙaluman a takarda ɗaya. Da baki na sha faɗa masa a baya bai motsa ba, wannan karon ya karanta sau biyu ya ce, “Hajiya, me kike so a yi?” Muka ajiye akwatin gaggawa a ɗakin haihuwa, da ruwan ƙari da safar hannu da maganin jijjiga, aka dawo da ƙaramin firij mai aiki da sola kusa. A fara ceto, a biya daga baya, duk abin da aka ɗauka a rubuta a mayar da safe. Wasu ba sa biya, ba zan ɓoye ba, kuma har yanzu muna jayayya da ɓangaren kuɗi a kan wanda zai cike giɓin. Amma na daina jin ana kiran mai makulli da ƙarfe biyun dare.

Takardar shaidar ba ta ƙara mini ko kwabo a albashi ba tukuna, sai dai a lokacin ƙarin girma. Duk da haka, in aka mayar da ni 2021 zan sake cike fom ɗin. Wanda ke riƙe da wani sashe, ko yake dab da riƙewa, zai ci moriyarsa, domin kowane darasi yana da inda zai gwada shi ranar Litinin. Wanda bai taɓa kwana a duti ba kuwa, haddar ma'anoni kawai zai yi.

Makon jiya wata ƙanwata a aiki, shekararta biyu da fara aiki, ta same ni ta ce, “Anti, ni ma ina son in nema bana.” Na ce ta dakata ta ƙara shekara biyu ko uku, kafin nan ta samu kwamfuta ta koyi Excel, in lokacin ya yi kuma ta karɓi izinin karatu a rubuce, ta tambayi tsofaffin ɗaliban makarantar ko masu duba kundi suna ɗaga waya. Sannan na ɗora ta a kan rajistar akwatin gaggawa, ita za ta riƙa kawo mini lissafinsa duk ƙarshen wata.