Manhajar Speedtest da ruɗanin Mbps da MB/s

Na sauke manhajar Speedtest a wayata ne a dalilin wani zargi da nake yi wa kamfanin da na sayi na'urar intanet a wurinsa. An yi mini alkawarin gudun 20 Mbps, wato megabit 20 a kowace daƙiƙa, amma duk lokacin da nake sauke fayil a kwamfuta, abin da nake gani bai wuce 2.3 ba, har na fara shirin mayar musu da kayansu. Manhajar ce ta nuna mini cewa ba a cuce ni ba, ni ne na gwama ma'auni biyu da ba iri ɗaya ba ne.

Kamfanin Ookla na Amurka ne ya kafa Speedtest a shekarar 2006, kuma aikinta a fili yake. Da zarar an danna maɓallin farawa, sai ta haɗa waya da wata sabar da ke kusa, wato kwamfutar da ke amsa wa waya ta intanet, ta auna gudun saukewa da gudun ɗorawa, sannan ta nuna jinkirin da saƙo ke yi kafin ya je ya dawo. Abin da ya fi burge ni yana cikin saitin manhajar waya, inda mutum zai zaɓi a nuna masa sakamako da Mbps, ko MB/s (megabayit a daƙiƙa), ko kB/s (kilobayit a daƙiƙa). Da na mayar da saitin zuwa MB/s na sake gwaji, sai adadin ya faɗo daidai inda kwamfutata ke nunawa.

Dalilin shi ne, kamfanonin sadarwa suna ƙidayar gudu da bit, wato mafi ƙanƙantar ma'aunin data, su kuma burauza da manhajojin sauke fayil galibi suna ƙidaya da bayit, kuma bit takwas ne ke yin bayit ɗaya. Ƙaramin harafin b yana nufin bit, babban B yana nufin bayit. Don haka 20 Mbps, in an raba shi gida takwas, 2.5 MB/s ne. Ɗan giɓin da ke tsakanin 2.5 da 2.3 kuwa yawanci yana tafiya ne wurin bayanan adireshi da na tantancewa da ke rakiyar kowane ƙunshin data a hanya. Wanda ya riƙe wannan lissafi zai san tsawon jiransa tun kafin ya fara: fayil mai 1.5 GB megabit 12,000 ne, kuma a gudun 20 Mbps zai ɗauki daƙiƙa 600, wato minti goma, muddin layin bai yi sanyi ba.

Ina ganin ya kamata a ce wannan zaɓi na sauya ma'auni yana fuskar farko ta manhajar, ko kuma a riƙa nuna adadin biyu gefe da gefe, domin mafi yawan masu amfani da ita ba sa leƙa saiti, alhali su ne suka fi bukatarsa. Haka kuma manhajar ba ta taɓa ɗaya ruɗanin ba, wato na 1,000 da 1,024. A harkar sadarwa megabit bit miliyan ɗaya ne cif, amma Windows tana lissafa girman fayil da ninkin 1,024, ta yadda abin da ta kira 1 GB bayit 1,073,741,824 ne, kimanin kashi 7 cikin ɗari sama da biliyan ɗaya. Ga irin wannan na fi samun biyan bukata a manhajar juya ma'auni ta Google, wadda ta ware megabit daban da mebibit, wato takwaransa da ake lissafawa da ninkin 1,024.

Akwai abubuwa biyu da mai saye da kuɗinsa ya kamata ya sani. Na farko, gwajin kansa yana cin data, kuma iya ƙarfin layi iya abin da zai ci. Layin da ke ba da 40 Mbps yana jan 5 MB a kowace daƙiƙa, saboda haka daƙiƙa goma na saukewa kawai sun lashe 50 MB, ba a ma zo kan ɗorawa ba. Mai sayen data ta kwana ɗaya bai kamata ya yi ta maimaita gwaji ba. Na biyu, sabar da manhajar ke zaɓa da kanta ta kusa ce, wani lokaci ma ta kamfanin da ke ba mutum intanet ce, don haka sakamakon kan fi abin da zai samu daga shafin da ke Turai ko Amurka. An ba da damar sauya sabar da hannu, kuma nakan yi hakan in ina son sanin gaskiyar layi. Nakan kuma kwatanta da Fast.com, shafin gwajin gudu wanda Netflix ya buɗe a 2016, ko da yake shi ba ya ba da zaɓin MB/s.

Manhajar kyauta ce, sai dai akwai tallace-tallace a cikinta, kuma tana ajiye tarihin gwaje-gwaje da ranakunsu. Wannan tarihi ya yi mini amfani, domin da shi na gane cewa layina yana raguwa ne bayan sallar isha'i, lokacin da jama'a suka fi yawa a kansa, shi ya sa na mayar da sauke manyan fayiloli zuwa bayan asuba.