Aspen Plus wajen kwaikwayon kama iskar kabon: yadda na same ta

A aikin digirina na biyu na yi amfani da manhajar Aspen Plus don kwaikwayon yadda ake cire iskar kabon daga hayaƙin tashar lantarki mai ƙona kwal. Hayaƙin irin wannan tasha yakan ƙunshi kabon kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari. Ana tura shi cikin hasumiya daga ƙasanta, ruwan sinadarin MEA (monoethanolamine, sinadari mai kama kabon) mai ƙarfin kashi 30 yana gangarowa daga sama yana tsotse kabon ɗin. Daga nan sai a kai ruwan hasumiya ta biyu a dafa shi da tururi a kusan digiri 120 na ma'aunin Celsius, ya saki iskar, ya sake zagayowa.

Inda manhajar ta burge ni shi ne RadFrac, wato sashenta na kwaikwayon hasumiya, muddin ka saita ta ta riƙa lissafi da saurin haɗuwar sinadarai. In ka bar ta a kan zaton cewa ruwa da hayaƙi suna daidaita a kowane hawa, za ta ba ka gajeriyar hasumiya mai kyau a takarda kawai. Da na saita ta haka tare da ELECNRTL, tsarinta na lissafin halayen sinadaran da ke narke cikin ruwa, sai ga wurin da zafi ya yi tudu ya bayyana a cikin hasumiyar tsotsa, domin MEA zafi yake fitarwa idan ya kama kabon. Kuma ta nuna mini inda kuɗin yake tafiya: dafa ruwan na cin makamashi gigajul 3.6 zuwa 4 a kowane tan na kabon da aka kama, tururin kuwa daga injin tashar ake ɗibarsa, wutar da za a sayar ta ragu sosai.

Rufe zagayen ruwan a manhajar, wato mayar da ruwan hasumiya ta biyu zuwa ta farko, sai da haƙuri. Ruwa da MEA da ke salwanta dole ka cike gurbinsu daidai, in ba haka ba lissafin ya ƙi zama. Fara da zagaye a buɗe, ka rufe daga baya.

Abin da samfurina bai taɓa ba shi ne lalacewar sinadari saboda iskar oksijin, farar wuta da toka. Tashar Boundary Dam ta Kanada, da ta fara kama kabon a 2014 da wani sinadarin daban, ta sha fama da wannan. Saboda haka gwada sakamakonka da alƙaluman ƙaramar tashar gwaji kafin ka kai wa malaminka.

Lasisinta ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Da na jami'a na yi aiki.