Na gudu daga gidan mai, na faɗa gareji: wata 14 da motar dizal ta hannu

Wata 14 ke nan da na sayar da tsohuwar motata mai fetur na ɗauki wata ta hannu mai dizal. Dalilina ɗaya ne tak, gidan mai ya ishe ni. Duk wanda na tuntuɓa magana ɗaya yake yi, wai dizal ba ya shan mai. Kuma ba ƙarya suka yi ba. Tsohuwar tana lashe kusan lita 9 a kilomita 100, wannan kuwa idan na hau babban titi lita 6 ma ba ta kaiwa. Litar dizal ta fi ta fetur ƙarfi da kashi goma da ɗoriya cikin ɗari, sannan injinsa ba ya jiran tartsatsin fulogi, matse iska yake yi sosai har ta yi zafin da man zai kama da kansa. Ga ja. Ka cika ta da mutane da kaya ka nufi hawa, ko nishi ba ta yi, ba sai ka sauke giya ba. Watanni huɗun farko kam har tallarta nake yi wa abokai.

A wata na biyar wata 'yar fitila rawaya ta kama a gaban sitiyari. Na ce ƙila waya ce ta kwance, tunda mota na tafiya lafiya lau. Bayan kwana tara, da safe, na ɗauko yara za mu makaranta, sai kawai ta saki jiki. Na taka totur har ƙasa, ta ƙi wuce kilomita 50, kamar an ɗaure mata ƙafa. Masu kekuna kaɗai nake iya wucewa. Ƙaramar ɗiyata ta leƙo daga baya ta ce, "Baba, motar ta gaji ne?" Haka muka lallaɓa.

Bakaniken da aka haɗa ni da shi dattijo ne, ba shi da yawan magana. Kafin ma ya jona kwamfuta sai ya zaro sandar auna baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya miƙo min. Man ya haura alamar sama da kusan faɗin yatsa. Ya ce in sansana. Warin dizal ne tsantsa. Sai ya ce, "Yallaɓai, ina kake zuwa da motar nan kullum?" Na ce gida zuwa makarantar yara, daga nan wurin aiki, duka bai fi kilomita 7 ba, rabinsa a cunkoso. Ya girgiza kai ya ce, "To ai kai ka kashe ta. Wannan motar 'yar doguwar hanya ce."

Ashe a cikin salansarta akwai wata matata da ake kira DPF, mai kama kunkunniyar hayaƙi kada ta fita waje. Tun da dokar hayaƙi ta Euro 5 ta fara aiki a Turai a 2009, kusan duk ƙaramar motar dizal da aka ƙera wa kasuwar can da ita take zuwa. Idan matatar ta fara cika, motar da kanta take ƙara fesa mai don salansar ta yi zafi kusan digiri 600 ta ƙone dattin. Amma aikin yana son tafiya miƙaƙƙiya ta minti 15 zuwa 20 ba tsayawa. Ni kuwa kafin injin ya gama ɗumi na iso na kashe. Nan na tuna sau nawa nake fita daga mota in ji fanka na ta ihu bayan na zare makulli, ga wani ƙauri yana tashi daga ƙasa. Ashe tana tsakiyar wankan kanta ne nake katse ta. Man da ta fesa bai ƙone ba shi ne ke zurarewa ya gauraye da baƙin mai. Dattijon ya ce da na ƙara 'yan watanni a haka, ba maganar matatar za mu yi ba, maganar injin za mu yi.

Wani abin haushin kuma, juye biyu da na yi kafin nan da baƙin man da na saba zuba wa tsohuwar motata aka yi. Mai wannan matatar nata man daban ne, marar yawan toka, domin kunkunniya tana ƙonewa amma toka ba ta ƙonewa, zama take yi daram. Wanda ya sayar min ko sau ɗaya bai ambaci wannan ba. "Ka zuba mai ka tafi kawai," abin da ya ce ke nan, yana bubbuga bonet. Da ya tambaye ni irin zirga-zirgata, da ya san ba tawa ba ce. Ko da yake mai son ya rabu da kaya ina ruwansa.

Aka sauke matatar aka wanke, aka yi juye, aka buɗe bawul ɗin EGR mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin. Da cokali aka riƙa kankare baƙin dattin da ya daskare a ciki, kamar kwalta. Wani yaron gareji ya ja ni gefe ya ce, "Oga, a fasa cikin matatar kawai a goge ta a kwamfuta, ka huta." Ban yarda ba. A Ingila tun 2014 motar da aka cire wa matatar ba ta cin gwajin lafiyar mota na shekara, kuma ni ba na son 'ya'yana su riƙa shaƙar abin da aka sa ta don ta tare.

Gaskiya bayan gyaran na huce. Na yi tafiyar kusan kilomita 600 da iyali, tanki ɗaya ya kai mu har da saura, injin na gurnaninsa a hankali kamar ba ya aiki. Na dawo ina cewa laifina ne, mota ba ta da laifi, kuma har yau idan ka ce min kullum kana kan babban titi, zan ce ka sayi dizal ba tare da wani ɗar-ɗar ba.

Sai nozul ɗaya, cikin masu fesa mai a injin, ya tashi. Injin ya fara kakkarwa da safe, yana fitar da farin hayaƙi. Waɗannan nozul ɗin na zamani suna fesa mai da matsin da ke kai bar 1,600 zuwa 2,000, alhali tayar mota bar 2 da 'yan kai ake hura mata. Ɗan ruwa ko ƙura a cikin man ya isa ya cinye su. Su ma motocin an ƙera su ne don tataccen dizal irin na Turai, wanda tun 2009 sinadarin sulfa da ke cikinsa bai wuce 10 cikin miliyan ba, kuma ba kowane famfo ne ke ba ka irinsa ba. Kuɗin nozul ɗaya tal zai saya min fulogin tsohuwar motata na shekaru. Tsohuwar nan, duk shan manta, kowane bakanike na gefen titi ya san cikinta. Wannan kuwa sai an nemi mai na'ura, sai an jira kaya. Da na zauna na buɗe littafin da nake rubuta kuɗin mota, duk abin da na tara a gidan mai cikin shekara guda ya tafi a gyara biyun nan, har na ciko daga aljihu.

Yanzu kowane ƙarshen mako sai na fita babban titi na yi rabin sa'a ba inda za ni, don kawai matatar ta ƙone dattinta. Maiɗakina tana kiran abin "fitar da mota shan iska". Ni da na sayi mota don in rage shan mai, ga ni ina ƙona shi da gangan. Ƙanena yana da wata ƙarama mai fetur, injin lita 1.4, shi kuma aikinsa ya koma na doguwar tafiya. Na yi masa tayin musaya tun makon jiya, ya ce sai ya kai tawa wurin dattijon nan ya duba sauran nozul ukun tukuna.